Ƙyauren Gidanmu na Gangare

Da damina kumbura yake,
sai ka sa kafaɗa, ka ɗaga, ka tura,
ya yi ƙara kamar an taka akuya.
Da rani ya motse,
sanyin Jos ya shigo ba sallama.

Na ɗauko Davou daga Kasuwar Katako.
Ya yi awo, ya karkata kai,
ya ce, "Ƙyaure ba shi da laifi,
gidan ne ya kishingiɗa."
Da kuɗin kuza kakanmu ya gina shi,
shekara sittin a tsaye, ai dole ya gaji.

Da aka zare dogarin, gara ta zuba kamar tsaki.
A jikin itacen ga zanen ƙusa:
tsawona, tsawon Tanimu,
da na Larai, wanda ya tsaya a layi na huɗu.
Davou bai tambaya ba,
ya sa zarto ya yanko mini wurin.

Sabon ƙyaure ya zauna daram,
yatsa ɗaya ya ishe shi.

Inna ce kawai ba ta gode ba.
A da, da kukan ƙofa take gane mai shigowa,
yanzu sai dai ta ga mutum tsaye a kanta.