Gefen Tatsa

A ɗakin ajiyar zane na Leeuwarden,
inda ba a shiga da biro, sai fensir,
Aukje Hoekstra ta ɗaga takardar rufi
da yatsu biyu, kamar mai duba miki.

Bai kai tafin hannu biyu ba:
shanu uku, tunkiya ɗaya, bakin magudana.
Sunan mai zanen haruffa biyu ne,
asid ya ci rabinsu.

Ta fara da gefe. Ga shatin farantin tagulla,
inda matsi ya danne takarda tana da laima,
shekara ɗari uku bai sake ta ba.

Sama ta cinye kashi biyu cikin uku,
alhali ba a zana ta ba.
Layi bakwai ne sirara, can dama,
saura takarda ce tsirara,
amma ido sai ya rantse ya ga hadari.

Nauyin yana ƙasa. Saniyar da ke kwance,
allura ta bi ta kanta, ta dawo ta gitta,
ta sake gittawa ƙarƙashin haƙarƙari
har baƙin ya yi ɗumi.
Gadon bayanta, ƙahon ta tsaye, kan tunkiya:
duwatsun murhu uku,
a kansu aka girka hoton duka.

Ƙafar tunkiyar an kankare, an sake.
Fatalwar ta farko na nan cikin ciyawa.
Aukje ta rubuta: gyara.
Ta goge. Ta rubuta: shakka.

Sai mai tatsa, 'yar mitsitsiya,
goshi jingine da cikin saniya,
zaune ta hagu.
Nan fensir ya tsaya.
Kakanta Sjoerd, shekara hamsin yana tatsa a Grou,
bai taɓa zama ta hagu ba.
Saniya ta san gefenta, in ji shi,
ka sauya, ka sha shuri.

Ashe mutumin bai san shanu ba?
Shi da ya san yadda leɓe ke karkacewa wajen tuƙa?

Ta ciro madubin hoda daga jaka,
ta ba teburin baya, ta leƙa ta ciki.
Hadari ya koma hagu.
Yarinya ta koma dama, mazauninta.
Daidai ya tsaga wa tagulla,
takarda ce ta karɓa a juye,
shi kuwa ya bar ta da abinta.

A waje ruwa ya tsinke a kan kekuna.
Mai gadi yana kaɗa makullai.
Ba ta motsa ba,
tana sauraron tsartuwar farko
a gindin bokitin ƙarfe.