Ɗinkin Ɓoye

Shekara ashirin da biyu ina tela a Herwagana,
ban taɓa kwanciya ƙarƙashin allurar wani ba
sai wata Talata.

Gilashin keke napep ne ya yanke ni
a kwanar Tashar Dukku, bara da azumi.
Wanda ya ɗinke a daren, Allah Ya saka masa,
jini ya zo tsayarwa, ba ado ba:
ƙulli bakwai, manya, kamar bakin buhun masara.
Da ya warke sai ya tashi, ya yi kunya irin ta gona,
ya janye min gefen baki,
in na yi dariya yara su zaci faɗa zan yi.
Masu kawo ɗinki sai sun gama da kuncina
kafin su tuna da awo.

Likita Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ba ta fara da wuƙa ba.
Ta ce, yi murmushi. Na yi.
Ɓata rai. Na ɓata.
Tana bin fuskata da alƙalami mai shuɗi,
tana neman inda fata ke naɗewa don kanta.
Na ce, ai wannan allina ne.
Yadi ma yana da hanyarsa,
wanda ya yanka a gicciye
wanki ɗaya zai tona masa asiri.
Ta ce, ashe abokin sana'a na samu.
Amma ji tun yanzu, Malam Ƙasimu:
ba na share tabo.
Karɓar wannan zan yi, in ba ka wani,
siriri, kwantacce, marar surutu,
in zaunar da shi a kwarin nan
da ke gangarowa daga hanci zuwa baki.

Ta kashe wurin da allura.
Ina jin ja, ba na jin zafi.
Shafi ta fara kamawa, can ciki,
da zaren da jiki ke shanyewa,
don nauyi ya zauna ƙasa, kada sama ta tattare.
Sannan ta hau sama
da zaren da bai kai gashin jariri ba.
Ina kwance ina ƙirga tazarar allura,
ina neman aibi, halin tela.
Ban samu ba.

Goggo Dudu ta zo dubiya daga Nafada,
da billenta, da 'yar bakanta.
Ta daɗe tana kallon filasta, ta ce,
mu hatsi aka auna wa wanzami don a gani,
har baƙin tukunya ya zuba kada ta ɓace.
Kai kuma ka sayar da kan keke guda don a ɓoye.
Na ce, Goggo, taki tana faɗin gidan da kika fito.
Tawa ba abin da take faɗa
sai dai direba ya yi gyangyaɗi.
Ta yi dariya har billen ya shige cikin tamoji.

Kwana biyar aka zare zare.
Saura nawa ne aikin:
malfa in zan shiga rana,
ɗan filasta mai santsi dare da rana,
murzawa da yatsa safe da yamma,
kuma ko ya yi ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, kada in sosa.
In ya so tashi, ta ce, akwai allurar kwantar da shi.
Hukunci sai bayan shekara.
Ni da nake ce wa mutane su dawo jibi,
yau ni aka ce wa dawo baɗi.

Wata na takwas ke nan.
Jiya Alhaji Buba mai auduga ya shigo a fusace,
kaftaninsa ya yi mako uku a rataye ba maɓalli.
Ya dube ni ido cikin ido ya zazzage ni tas,
ko sau ɗaya idonsa bai sauka kuncina ba.
Na ba shi haƙuri, bakina na ta son yin dariya.

Da dare, in na kulle shago,
babban yatsana kan je wurin da kansa.
Yana nan.
Tela ba ya rasa inda aka haɗa.