Mai Ƙidaya

Gwamnatin lardi ta ba ni riga mai tambari,
biro biyu, da littafi mai layi-layi,
ta ce in zaga tsibirin in ƙirgo mata mutane.

Hanya ɗaya ce tal, ta yi wa tsibirin ɗamara.
In ka bi ta da safe teku na hagunka,
kafin rana ta faɗi ka dawo inda ka tashi,
tekun bai sauya hannu ba.
Dutse ne a tsakiya, yana barci da hular gajimare.
Kakata ta ce sau ɗaya ya yi tari, tana goye,
har yau ba mai kafa bukka a arewacinsa.

Na fara da unguwar masunta.
Dionisia Balansag na shanya ƙananan kifi a kan raga.
Ku nawa ne a gidan? Ta ce tara.
Na leƙa ɗaki, matasan kai uku.
Na ce, littafin nan wanda ya kwana yake so.
Ta share hannu a zani, ta nuna sama:
rufin kwanon nan Rodel ne,
yana wanke tukwane a jirgi, a tekun da ƙanƙara ke yawo.
Injin kwalekwalen can Marites ce,
tana renon 'ya'yan wasu a Hong Kong.
Haƙoran bakina ma na auta ne, daga Manila.
Wanne a cikinsu bai kwana nan ba?
Na rubuta uku. Biron ya yi mini nauyi.

A kan tudu, inda hayaƙin kwakwa ke shiga ido,
Eleuterio na fasa ta da sara ɗaya, bai ko dube ni ba.
Ya ce, ke ma awo kika zo?
Gwamna uku sun auna mana gada a rafin nan.
Je ki ga turakun da suka kafa,
ɗanyen itace ne, sun yi saiwa,
yanzu a inuwarsu muke jiran ruwa ya janye.

Akwai ƙauyen da teku ya cinye maƙabartarsa.
In ruwa ya ja baya, kan gicciye kan leƙo
kamar mai tambaya ko an kira shi.
Wata tsohuwa ta riƙe mini hannu,
sai na ji sunayen na ƙasa tukuna,
arba'in da ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ba.
Ba ni da layinsu. Na dai tsaya har ta gama.

Gidan gwamna yana kallon mashigin jirage.
Iyali biyu ke karɓa-karɓa da kujerar,
kowane zaɓe bangon ya sha sabon fenti,
in ka karce da farce sai ka ga launin surukai a ƙasa.
Ba zan ci amanar gaskiya ba:
ranar da guguwa ta kwashe rufin asibiti
na ga gwamna da buhun shinkafa a kafaɗa,
laka har gwiwa, babu mai ɗaukar hoto.
Amma wuta na ɗaukewa ƙarfe goma a ko'ina
ban da tagoginsa.

Akawu ya karɓi littafin yana lasar yatsa.
Ya ce kowane kai da kuɗinsa daga babban birni,
mun ragu da ɗari bakwai, an rage mana ke nan.
Yana buɗawa wata takarda ta faɗo,
ya sunkuya, ya ɗauka, ya karanta:
tikitin jirgin Alhamis, tafiya babu dawowa.
Ya dube ni, ya dubi shafin ƙarshe
inda na sa sunana, gida mai lamba sittin, mutum ɗaya.

Ya ce, yau Talata.
Bar shi. Ai kin kwana.