Lissafin Mai Shata Layi

Ni ne Kallamu, mai shata layin fili.
Shekara sha tara ina zuba farar ƙasa da gwangwanin madara
a kwalejin nan ta bayan Goron Dutse.
In ana gardamar koci a teburin mai shayi
sai in kurɓa, in saurara, in haɗiye nawa.

Suna cewa Tasi'u ya shigo da ƙafar dama:
wasa bakwai, ya ci shida, ɗaya kunnen doki.
Har an fara liƙa hotonsa a bayan adaidaita sahu.

To, wa ya kawo Jibo, dogon nan mai tsaron gida?
Datti ne.
Ni na riƙe masa babur a Kurna
ya shiga shagon siminti ya durƙusa wa uban yaron,
dattijon da ya rantse ɗansa ba zai ƙare a tamola ba.
Sau uku muka je.
A na uku da takardar shiga makaranta muka tafi.
Wa ya hango Obinna a Sabon Gari,
ba takalmi, yana yanka yara tsakanin motocin Legas?
Datti dai.
Kaka uku yana shuka ana ɗura masa ƙwallaye,
hukuma ta gaji, ta miƙa masa ambulan wata Talata.
Usur ɗinsa na nan rataye a ƙusa, igiyar ta yi baƙi.
Gero ya nuna a hannun wanda bai ga ranar shuka ba.

Ban ce Tasi'u bai iya ba, kada a kai ni gaba.
Gadon gida ma alal ne ga raggo.
Shi ya ɗauke Obinna daga gefe ya sa shi tsakiya,
abin da Datti ya kalla shekara biyu bai gani ba.
Shi ya hana atisaye da tsakar rana.
Wannan nasa ne, na rubuta masa.

Sai Lurwanu na kwalejin Hotoro.
Abin da ya tarar: ƙwallo biyu, ɗaya na sacewa,
raga da aka ɗinke da igiyar shanya,
da sunaye sha ɗaya, huɗu sun riga sun gama sun tafi.
An ci shi biyar a jere.
'Yan kallo sun raɗa masa Koci Kwando.
Amma na gan shi Juma'a a Ɗorayi,
Asabar a Rijiyar Lemo,
tsugune bakin fili da ɗan littafi,
yana karɓar lambar wayar iyaye, ba ta yaran ba.

Da suka zo mana, uku da ɗaya muka yi musu.
Ɗayan nan ne ya hana ni barci.
Ƙafa tara ta taɓa ta kafin ta shiga,
yara masu ƙwauri kamar sillen kara,
ba wanda ya ɗaga kai neman kowa.
Na tsaya ƙirgawa har farar ƙasa ta zube mini a silifa.

Bana Jibo zai gama, bautar ƙasa na jiransa.
Wani mai baƙin tabarau ya fara zagayen Obinna.
Har yau Tasi'u bai tambaye ni hanyar Kurna ba.

Mai shayi ya ce, Kallamu, kai da ka daɗe, wa ya fi?
Na ce ƙara mini sikari.
Teburin wata biyu ba ya auna mutum,
ka tambaye ni in an yi damina biyu.

Jiya na bi ta Sharaɗa.
Datti na sayar da abincin kaji yanzu,
rediyo a kan buhu, ya rage murya da ya gan ni.
Bai tambayi kofi ba, bai tambayi Tasi'u ba.
Ya ce, yaron nan Jibo,
har yanzu yana jin tsoron ƙwallon ƙasa ta hagunsa?