Usur Ɗin Purna

Kowane dare ni ke wanke safar hannunsa.
Farare ake ba su, haka dokar aiki ta ce,
amma ruwan farko kan fita
kamar an wanke gindin tukunya.
Na biyu ma haka. Sai a na uku
nake hango yatsuna a ƙasan roba.

Shekara goma sha tara Purna na tsaye a Kalanki,
inda hanyoyi ke haɗuwa ba gaisuwa.
Tifa na gunji, bas na aman baƙi,
babura kamar an tone gidan tururuwa,
shi a tsakiya, hannu sama, usur a baki,
duk salansar da ta gifta
sai ta bar masa tukuici a ƙirji.

Katmandu akushi ce, duwatsu ne bakinta.
In sanyi ya shigo, hayaƙi ya zama faifai,
ya rufe mu ruf, mu dahu a hankali.
Surukata ta ce a ƙuruciyarta
daga tagar nan ake ƙirga fararen kawunan duwatsu.
'Yarmu Rojina ta zana su a makaranta,
ta shafe su da launin toka.
Malama ta ce, ina ƙanƙarar?
Ta ce, abin da na gani na zana.

An ba shi takunkumi. Ya yi dariya har ya sarƙe:
"Sanu Maya, da wane bakin zan busa?
In na rufe, motoci su ci juna,
in na buɗe, su ci ni."
Sai ya riƙa rataye shi a haɓa
kamar gemun aro.

Tari ya zo mana a baƙo, da asuba, da sallama.
Kafin damina biyu ya zama maigida,
shi ke kwana tsakaninmu.
Na dafa citta, na dama kurkum da zuma,
na kai furanni wurin bauta ran Asabar.
Abin da yake tofawa a tsumma
launinsu ɗaya da ruwan wankina.

Likita Shakya ta ɗaga hoton ƙirjinsa a hasken taga.
"Kara nawa kake sha a yini?"
Ya ce, "Taba ba ta taɓa leɓena ba."
Ta daɗe tana kallon hoton.
Ta ce, "To, gari ne ya sha da bakinka."
Ta miƙo bututu, ta ce ya ja iya ƙarfinsa.
Mutumin da usur ɗinsa ke daskarar da tirela daga nesa
ya kasa ɗaga 'yar ƙwallon roba
zuwa rabin kwalba.

Yanzu hatimi yake bugawa a ofis.
Usur na rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Wani yaro daga Dolakha ke tsaye a gurbinsa,
kumatu jajaye, safa fara sol.
In mun wuce ta wurin a bas
Purna kan kalli takalminsa.

Makon jiya ƙanena ya ci bashi ya sayi babur.
Mun je, mun shafa masa jan gari a fitila,
mun ci zaƙi, mun yi murna.
Ni ma na hau, ba zan ɓoye ba,
kuma iskar ta yi mini daɗi.

Daren jiya aka yi ruwa, faifan ya ɗaga.
Rojina ta yi ihu daga rufin soro: ga su, ga su!
Matakala ashirin da biyu ne.
Ya huta a na bakwai, ya huta a na sha uku,
a na sha takwas ya zauna, ya ce in je in gano masa.
Na hau. Farare ne kuwa, kamar safar da ba a sa ba.
Ƙasa kuma, an fara tayar da injuna.