Shafi na Arba'in da Bakwai

Shekara tara ina auna ruwan Rima
da gora mai zane, da littafin da laka ta cinye gefensa.
A jami'a Dokta Asabe nake.
Manoman albasa na Kwalkwalawa kuwa
Malama Mai Gora suke kirana.

Ran Talata takarda ta zo da hatimi,
an sa ni a kwamitin ambaliya.
Na goge atamfata da dare kafin a ɗauke wuta.

Ɗakin taro sanyi kamar cikin randa.
Mu goma sha ɗaya ne,
ni kaɗai aka tambaya garinmu.
Na ce Zuru. Aka ce, "Ayya, baƙuwarmu ce."
Baƙuwar da ta binne uwarta a garin nan,
ta haifi 'ya'ya uku masu Sakkwatanci zalla.

Na shimfiɗa taswira.
Shugaba ya ɗora mata kofin shayi,
da ya ɗaga, sai ga da'irar jiƙa
ta kewaye ƙauyen su Bube daidai.
Na ce, ranka ya daɗe, ko kofinka ya sani,
ta nan ruwa zai fara shiga.
A ba su tudu kafin Agusta.
Buhun shinkafa bayan jana'iza ba ya ta da kowa.
Aka yi dariya.
Sakatare ya rubuta: an saurari Dokta.

Alawus ya riga rahoto fitowa.
Da rahoton ya zo, mai sheƙi, da hoton shugaba,
na laluba har shafi na arba'in da bakwai.
Ga ni can a ƙasa, layi biyu,
an ma rage wa sunana harafi.

Farfesa Sahabi ya ce, "Koma aji, ƙanwata,
alli ba ya ba mutum kunya."
Na kusa yarda.

Amma da la'asar na tsallaka gada,
na karanta wa Bube layin nan biyu a bakin fadama.
Ya share hannu da riga, ya taɓa takardar,
ya ce, "Malama, ashe mu ma muna ciki?
To, a ƙara karanta musu, awa yadda kika karanta min."

Ruwa ya hau zane na shida a jikin gora.
Akwai zama ran Talata.
Na buga shafin sau goma sha ɗaya
da kuɗin cefanena.
Wannan karon da takalmin roba zan shiga,
lakar ma ta zauna a taron.