Awon Iska a Samaru

Shekara ashirin da biyu
ina hawa tsani a gonar gwaji,
kwalbar mai a aljihu,
ina shafa wa ludaya uku na ƙarfe
su yi juyi, mu ƙirga iska.

Bana aka sauke su.
Aka kafa wani abu mai yatsu huɗu,
ba juyi, ba kuka, ba shan mai.

Na ce wa Injiniya Barira, wannan gunkin fa?
Ta ce, Baba Tanimu, magana yake yi,
siririyar murya, sai jemage ke ji.
Yatsan gabas ya kira na yamma,
na yamma ya amsa.
Muryar da iska ta goya takan riga isa,
wadda suka yi karo takan makara.
Ɗan tsakanin nan
da bai kai ƙiftawar ido ba,
shi ne gudun iska.
Kudu da arewa su yi tasu gaisuwar,
sai a san inda ta fito.

Na yi shiru.
Na tuna Inna a hayin Kubanni
tana ƙwala mini kira in hadari ya haɗo.
Ran da iska ke bayanta
sunana kan iso da zafinsa.
Ran da ta juya
in rantse ban ji ba, in sha tsumagiya,
alhali da gaskiyata.

Ashe da bayana na fara awon iska.

Kwalbar tana aljihuna har yau.
Jiya na ɗiga wa ƙofar ofis,
ita ma ta yi shiru.